Dattijon da ya sa na san su waye Keltawa

Yawancinmu in aka ce Celtic ƙwallo ce ke faɗo mana a rai, kulob ɗin nan na Glasgow mai riga kore da fari, ni ma haka nake wallahi har sai da na ci karo da rubutun Farfesa Barry Cunliffe, wani dattijon Bature masanin tonon kayan tarihi da ya riƙe kujerar farfesa a Oxford daga 1972 zuwa 2007. Ashe Keltawa, waɗanda sunan Celtic ya samo asali daga gare su, al'umma ce da ta bazu a Faransa ta yau da Birtaniya tun kafin zuwan Annabi Isa (AS), har gobe ana jin yarukansu a Wales da Ayalan.

Matsalar tarihinsu ita ce maƙiya ne suka rubuta mafi yawansa. Julius Kaisar, jagoran Rumawa da ya ci su da yaƙi, ya kama jagoransu Vercingetorix a garin Alesia na Faransa ta yau a shekara ta 52 kafin Miladiyya, shi ne kuma ya zauna yana ba duniya labarinsu, kai ka ji fa! Shi ya ce malamansu da ake kira druid ba sa rubuta karatunsu, hadda suke yi, wani ya kai shekara 20 yana abu ɗaya. To Cunliffe bai tsaya kan maganar Rumawa ba, ƙasa ya tona, daga 1969 zuwa 1988 yana aiki a tudun Danebury a kudancin Ingila, ya fito da ramukan da suke adana hatsi kamar dai rumbu amma a ƙarƙashin ƙasa, sannan ya zo ya yi bayani yadda ko ɗan sakandare zai gane.

Nan ne nake samun saɓani da masu cewa wai in farfesa ya yi wa talaka rubutu ya zubar da girman ilimi. Haba dai. Mutumin da ya shekara kusan ashirin cikin ƙura da laka a wuri guda, wa zai ce masa ya yi arha don ya ajiye manyan kalmomi? Ku duba littafinsa kan Pytheas, Bagirken birnin Marseille na Faransa ta yau da ya kai har Birtaniya wajen 325 kafin Miladiyya, ya dawo yana ba da labarin inda dare ke kusan ɓacewa da bazara, su Strabo, Bagirke masanin labarin ƙasa, suka ce maƙaryaci ne. Cunliffe ya bi sawun tafiyar dalla-dalla, kana karantawa kamar hira kake ji a dandali amma komai da hujjarsa.

Ba komai nasa na haɗiye ba fa. Ra'ayinsa shi da masanin harshe John Koch na cewa yaren Keltawa daga gaɓar tekun Atilantika ya taso ya nausa gabas, masana harshe da dama sun ƙi yarda, ni ma har yanzu ina ta jujjuya abin a raina.