Ba yunwa ke kawo olsa ba

Har yanzu ana ta cewa yunwa ko yaji ke jawo gyambon ciki. Su kansu likitoci a da damuwa da abinci suke zargi, har su ce a yi ta shan madara. Labari ya sha bamban a 1982, da wasu likitoci biyu a Ostireliya, Barry Marshall da Robin Warren, suka gano ƙwayar cutar Helicobacter pylori a cikin masu ciwon, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2005. Yanzu gwaji ake yi. In an same ta, a haɗa magungunan kashe ta da na rage tsamin ciki, kwana 10 zuwa 14. Ɗaya babban sanadin kuwa yawan shan magungunan rage ciwo irin su aspirin da ibuprofen ne. Yunwa da yaji tsananta zafin kawai suke yi.