Filin Ƙofar Mata ya fi buƙatar kulawa a kan sabon fenti

Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata an buɗe shi ne a 1998, ana shirin gasar matasa ta duniya da Najeriya ta karɓi baƙunci a 1999. Bayan shekara guda Kano ta kuma karɓi gasar cin kofin Afirka, wadda muka haɗa da Ghana. A nan Masar da Senegal da Zambiya da Burkina Faso suka buga wasannin rukuni, a nan kuma Tunisiya ta cire Masar da ci ɗaya mai ban haushi. A 2009 kuma aka kawo gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17. Fili mai cin mutum kusan 16,000 ya ga manyan gasa uku cikin shekara goma. Ga kuma Kano Pillars, Masu Gida, da suka shafe shekara 12 ba a doke su a gida a gasar lig ba, sai a 2015 Nasarawa United ta karya lagon.

Abin da ke damuna shi ne ba ma tunawa da filayenmu sai baƙi za su zo. A share, a shafa fenti, baƙi su tafi, shi ke nan.

Ɗauki ciyawar roba. Mutane na ganin tunda ba a yi mata ban ruwa, ba ta buƙatar komai. Tsakanin zaren ciyawar akwai yashi da ɓarɓashin roba, su ke riƙe zaren a tsaye, su ke tare wa ɗan wasa gwiwa idan ya faɗi. Dole a riƙa bin ta da injin buroshi duk mako, a ƙara ɓarɓashin a gaban raga da tsakiyar fili inda aka fi tattakewa. In aka bari, ƙurar hunturu ta shiga ta toshe ƙananan hudojin da ruwa ke tsanewa, damina na zuwa ruwa ya kwanta, gam ɗin da ya haɗa shimfiɗar ya saki, bakin ya ɗago, ɗan wasa ya yi tuntuɓe. Ko da kulawa, shekara 8 zuwa 10 ce rayuwarta. Ya kamata tun ranar shimfiɗawa a fara tanadin kuɗin sauya ta.

Sai fitilu. A gasar 2009 wuta ta ɗauke ana tsaka da wasan Sifaniya da Amurka a Kano. Tsofaffin manyan fitilun nan idan suka mutu ba sa kamawa nan take, sai sun huce, abin da kan ci minti 10 zuwa 15. Maganin shi ne fitilun zamani na LED, masu kamawa nan take, da janareto biyu da ke aiki tare, kowanne na ɗauke da rabin fitilun.

A 2020, lokacin korona, an mayar da filin wurin killace marasa lafiya, Pillars ta koma Kaduna da wasa. Rai ya fi ƙwallo, babu musu. Amma duk filin da aka kafa wa rumfuna, ko na jinya ko na taron siyasa, sai an fara shimfiɗa masa faifan kariya, domin turke ɗaya ya isa ya huda shimfiɗar. Ya kamata gwamnatin jiha ta sa wannan sharaɗi a rubuce, ta kuma ware wani kaso na kuɗin tikiti a asusun gyara da ba a taɓawa.