Ga mai kyamarar da ba ta san sanyin asuba ba

Ni dai ban kama sunan kowa ba. In ka karanta ka ji gabanka ya faɗi, to dama mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Tun da korona ta dawo zagaye na biyu a Disambar 2020, aka rufe makarantu aka ce sai 18 ga Janairu, irinmu masu riƙe alli muka rasa abin yi. Ba aji, ba lesin, albashi kuwa sai dai a ce Allah ya kyauta. Maimakon in zauna a ɗaki ina saƙa da warwara, sai na mai da fitar bayan sallar asuba abin yi, ni da 'yar wayata mai tsagaggen gilashi, ina ɗaukar garin nan yadda hunturu ya mayar da shi. Duk wanda ya san Kano a irin wannan lokaci ya san abin da nake faɗi. Hazo ya sauko, ka tsaya ta wajen Goron Dutse ka nemi Dala ka rasa. Rana ta fito fara fat kamar faifai, kana kallonta ido cikin ido ba ta ce maka komai. Ƙurar da iska ke kwasowa tun daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, ita ce ke zuwa ta kwanta mana a gira da gashin ido, kuma ba ta ƙyale idon kyamara, kafin kowane hoto sai na goge shi da gefen riga. Sanyi kuma ga shan caji, sai na riƙa cusa wayar a aljihun ciki kamar mai renon ɗan tsako.

Na ɗauki layin masu neman lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN, waɗanda ke kama wuri tun gari bai waye ba don kada a rufe musu layin waya, kafaɗa na gugar kafaɗa, takunkumi a haɓa, ana ta cewa a ba da tazara. Na ɗauki 'yan adaidaita sahu da kawunansu a naɗe, da kwandunan tumatur ɗin da ya yi araha, da marinar Ƙofar Mata shiru babu baƙi. Amma hoto ɗaya ne na fi ji da shi.

Akwai wani dattijo mai shayi a bakin layinmu. Ranar farko da na ɗaga waya, ko kallona bai yi ba ya ce, "Yaro, kada ka soma." Na mayar da ita aljihu na sayi shayi. Kwana tara ina zuwa ina zama a bencinsa, ina jin yadda ciniki ya ja baya da yadda sukari ya hau, kafin wata safiya da kansa ya ce, "To ɗauki, amma bari in gyara hula." Bai ma gama gyarawa ba na danna. Ya ɗaga kofi sama yana tsiyaya shayi cikin ɗaya kofin, tururi ya haɗu da hazo, wutar gawayi ta haske masa rabin fuska, takunkuminsa na lilo a kunne ɗaya. Na nuna masa, ya yi dariya har haƙorin goro ya fito. Da yardarsa na sa a status.

Sati biyu ba a yi ba, sai ga hoton a shafin su wane. An yanke gefen da na rubuta sunana, an zuba masa wata kala kamar an tsoma shi a ruwan lemo, an kwantar da wani suna ɓaro-ɓaro a tsakiyar ƙirjin Baba. A ƙasa kuma dogon turanci, wai ƙarfe huɗu na dare aka tashi aka yi ta fama da sanyi don a samo wannan. Ikon Allah. Mutumin da bargo ba ya sakinsa sai hantsi ya dubi ludayi. Ana ta yi masa sambarka yana amsawa da hannu biyu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba kyamararka nake wa hassada ba, yallaɓai, Allah ya sa alheri. Mun gan ta, da bakinta kamar taɓarya, tana rataye a wuya kamar laya. An saye ta don hawan sallah, sai ga shi a 2020 korona ta hana hawan, ƙarama da babba. Tun daga nan ba ta da aiki sai rakiya zuwa ɗaurin aure, kuma har yau maɓallinta bai taɓa gusawa daga inda mai shago ya saita shi ba.

Kuma tunda ana maganar, mun ga ranar da aka tara almajirai a gindin gada aka raba musu sababbin takunkumi, aka jera su aka ɗauka, sannan aka bi su ɗaya bayan ɗaya aka karɓe aka mayar leda. Yaran na rawar ɗari, ko kunu ba a saya musu ba. Da Buhari ya sa hannu a dokar tilasta sa takunkumi a bainar jama'a a Janairun 2021, sai ga hoton ya fito da wa'azi a ƙasansa.

Abin da ba a gaya maka ba shi ne, hoton waya yana tafe da shaidarsa. A cikin na asali akwai rana da sa'a da sunan wayar da ta ɗauka. In ya bi ta WhatsApp sai a matse shi, wannan bayanin ya zube, shi ya sa naka da an ɗan buɗa shi yake farfashewa kamar ƙafar da ba ta ga man kaɗe ba. Nawa yana nan, ƙarfe shida da minti arba'in da ɗaya.

In kuma wannan ya yi wa masu yi maka tafi nisa, su sa yatsu biyu su buɗa hoton ta wajen butar shayin nan ta silba da ke kan tebur. A jikinta akwai inuwar wani mutum ya duƙa, da jar hular sanyi, riƙe da waya. Su duba da kyau ko akwai taɓarya a wuyansa.

Af, Baba ya ce a gaya wa mai hoton ya wanko masa ɗaya babba zai manna a jikin teburinsa. Na ce masa ai hoton ya samu sabon mai shi. Ya ce to ya zo da kansa, yana fitowa ƙarfe biyar da rabi.