Kashi 50 na nawa? Ka ɗauko biro kafin Baba ya saida gona

Ƙannena masu neman sikolashif, ku matso mu yi magana. Da an turo wa mutum saƙo an ce ya samu kashi 50 sai ya garzaya Facebook da Alhamdulillah, dangi na ta barka, amma ba mai tambaya kashi 50 ɗin na nawa ne, kuma sauran rabin wa zai biya.

Wani yaron layinmu ya zo min da takardar wata jami'a a Cyprus ta Arewa mai cewa an rage masa kashi 50 na kuɗin makaranta, har a leda ya saka ta kar ta yamutse, mahaifinsa ma ya fara cinikin gonarsa. Na ce zauna, ɗauko biro. Irin wannan ragin a can kusan duk baƙon ɗalibi ana ba shi, ba wai don ka fi kowa ƙwaƙwalwa ba, tamkar ɗan Kantin Kwari ne ya tsuga maka kuɗin shadda sannan ya ce don kai ne na rage. Muka fara jerawa, ragowar kuɗin makaranta, haya, abinci, tikitin jirgi, takardar zama, inshorar lafiya, ga na ejan da shi ma ba don Allah yake yi ba, sannan muka ninka sau huɗu tunda ba shekara ɗaya za a yi ba, kuma duk da kuɗin waje ake biya alhali Baba naira yake samu. Farkon 2023 dala a banki wajen naira 460 take, a 2024 ta haura 1,500. Waɗanda suka tafi da tsohon lissafi ku tambaye su yadda suka kwana.

Sannan dan Allah ku riƙa karanta sharuɗɗa. Da yawa sai makinka bai sauka ƙasa da wani mataki ba sannan za a sabunta maka, samista ɗaya ka yi jinya ko darasi ɗaya ya kayar da kai, shikenan ka koma biyan cikakke a ƙasar mutane.

Ba ina kashe muku gwiwa ba ne. Akwai na gaske. Na gwamnatin Turkiyya na ɗaukar kuɗin makaranta da masauki da tikiti da alawus, har da shekara guda ta koyon yarensu. Chevening ta Birtaniya ma cikakkiya ce ga masu digiri na biyu, sai dai tana neman shekara 2 na aiki. Jamus kuwa yawancin jami'o'in gwamnati ba kuɗin karatu, amma sai ka ajiye sama da yuro 11,000 na shekara kafin a ba ka biza, kun ga kyautar ma da nauyinta.

Shi dai yaron nan da muka gama lissafi shiru ya yi yana kallon takardar, can ya ce Yaya ashe ko gona biyu aka saida ba za ta kai ni aji uku ba. Yanzu yana BUK, yana kuma ta cike fom ɗin Turkiyya.