Henry Lawson da masu waƙe ƙauye daga birni

Duk lokacin da na ji ɗan birni yana kewar ƙauye, yana yabon iska mai daɗi da fura da nono, alhali ko kwana uku ba zai iya yi a can ba, sai Henry Lawson ya faɗo mini a rai.

Lawson marubucin waƙoƙi ne da gajerun labarai a ƙasar Ostireliya. An haife shi a 1867 a sansanin masu haƙar zinariya na Grenfell. Mahaifinsa ɗan Norwe ne da neman zinariya ya kawo shi, da abin ya ƙi ci sai ya kama ɗan fili a Eurunderee kusa da Mudgee, ƙasar da ba ta biyan wahalar mai noma ta. Yaron yana shekara tara ciwon kunne ya kama shi, kafin ya wuce sha huɗu ya kurmance. Mahaifiyarsa Louisa, wadda daga baya ta kafa jaridar mata mai suna The Dawn a 1888, ta gaji da zaman ta koma Sidni, shi ma ya bi ta.

A 1892 aka yi takaddamar da ta sa nake wannan rubutu. Lawson ya fitar da waƙa a mujallar The Bulletin yana yi wa masu kambama daji ba'a: shi da ya je, ƙura ya gani da fari, da mata zaune su kaɗai mazajensu sun tafi neman abinci. Wani marubucin waƙoƙi, Banjo Paterson, ya mayar da martani a waƙe, yana kare daji da dawakai da jarumtar makiyaya. Suka yi ta musayar baituka. Shekaru da yawa bayan nan Paterson ya ce ai shiri ne suka yi tsakaninsu don mujalla ta riƙa biyansu. To, ko da wasa ne, kowa abin da ke cikinsa ya amayar.

Ba na raina Paterson. Shi ma a karkara ya tashi, kusa da Yass, ya san doki ciki da bai, har laƙabin Banjo ma sunan wani dokin gidansu ne. Baitukansa gudu suke kamar sukuwa, shi ya sa har yau ake rera waƙarsa Waltzing Matilda. Amma yana ɗan shekara goma aka kai shi makaranta a Sidni, ya zama lauya. Daga kan sirdi ya kalli dajin. Lawson kuwa a ƙasa ya taka shi. A ƙarshen 1892 editan mujallar, J. F. Archibald, ya ba shi fam biyar da tikitin jirgin ƙasa zuwa garin Bourke da ke can cikin daji, daga can ya yi tattaki zuwa Hungerford a bakin iyakar Queensland, ya dawo, cikin tsananin fari, da ƙunshin bargonsa a baya kamar kowane ɗan cirani.

Ku nemi labarinsa The Drover's Wife. Mace ce da 'ya'ya huɗu a bukka, miji ya tafi kora garke wata da watanni, maciji ya shige ƙarƙashin ɗaki. Ta ɗora yara a kan tebur, ta kwana zaune da sanda da kare tana jira. Shi ke nan labarin. Babu wanda ya zo ceto. Wadda mijinta ya taɓa tafiya cirani ba ta bukatar a yi mata sharhi.

Ba waliyyi ba ne, kada a ce na ɓoye. Giya ta ci shi, aurensa ya mutu, an sha kulle shi a kurkukun Darlinghurst saboda gaza biyan kuɗin ciyar da iyali, har ya kai ga roƙon 'yan kwabbai a titunan Sidni. Da ya rasu a 1922 sai ga gwamnati da jana'izar ban girma, har firaminista ya halarta.

A 1966 aka sa hotonsa a takardar dala goma. A 1993 da aka sauya kuɗin, aka cire shi, aka sa Paterson da mahayin dokinsa.