Robar ƙofar mota da rainin da na sha a Winifeg

Wani bakanike a nan Winifeg ta ƙasar Kanada ya yaɓa mini maganar da har yanzu take ci mini rai. Na kai masa tsohuwar Corolla ƙirar 2008 saboda robar da ta kewaye ƙofar direba ta tsattsage. Da ya ji daga inda na fito, sai ya yi murmushi ya ce wai ai mu can ba mu san kula da mota ba, tuƙa ta kawai muke yi har ta mutu.

A nan robar ƙofa ba abin wasa ba ce, wannan kam na yarda. A watan Janairu sanyi yakan kai digiri 30 ƙasa da sifili. Motoci da yawa za ka ga wayar lantarki tana leƙowa ta gabansu, da dare a jona ta a soket don inji ya kwana da ɗumi. Tsohuwar roba takan ƙandare, ruwa ya shiga tsagarta ya daskare, da safe ƙofa ta manne, in ka fizga da ƙarfi robar ta yage. Ga gishirin da ake watsawa a titi, in ya sami kafa ya shiga, tsatsa ce. Shi ya sa kafin hunturu ake shafa wa robar man silikon.

To amma dubi yadda ake canza ta. Sai ka yi waya a ba ka rana kamar mai son ganin likita. A karɓi lambar shasi mai haruffa da lambobi 17, a yi odar roba, ka zauna jira. Aikin kuwa ɓamɓare tsohuwa ne, a goge gurbin, a bi sabuwa ana dannawa da yatsa. Kuɗin aikin da awa ake lissafa shi.

Ban ce ba mu da sakaci ba. Duk wanda ya shiga motar haya a lokacin ƙura ya sauka da jan gira ya san roba ba ta gabanmu. Sai dai motocin da Turawa suka gaji da su suka tura Kwatano, a hannun wa suke ƙara yin shekara ashirin? Fijo 504 da aka harhaɗa a Kaduna har yau akwai masu hawa titi. Yaron gareji a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna zai zaro maka roba daga ƙofar Beljiyom, wato ta hannu da aka shigo da ita daga waje, ya yanka, ya sa gam, kafin ka gama shan shayi an gama. Wannan ne za a ce bai iya kula da mota ba?

Kuma a gida bakanikenka ya san mahaifinka. In aljihu ya yi rauni ka ce masa, "Oga, sai ƙarshen wata," ya ce Allah Ya kai mu, har ya tambayi lafiyar Hajiya. Nan kuwa makullinka na rataye a bayan kanta, ba za a miƙo maka ba sai na'ura ta karɓi katinka.