Tsofaffi biyu da rasit na sidi 40

Ni dillalin gidaje ne a Accra, haifaffen unguwar Nima. Sana'ar nan ce ta haɗa ni da wasu tsofaffi biyu, mata da miji, 'yan Amurka, da suka yi wata 18 suna aiki a ofishin mishan na cocin da aka fi sani da Mormon, mai hedikwata a Salt Lake City, jihar Utah. Ni Musulmi ne, aƙidarsu ba tawa ba ce, kuma ba tallarta na zo yi ba. Yadda suka tafiyar da tsufansu ne ya tsaya mini a rai har na kasa yin shiru.

Duk mazaunin Accra ya san samarin nan masu farar riga da baƙin allon suna a ƙirji, suna yawo biyu-biyu cikin rana, masu wa'azin cocin ne. Saurayi shekara biyu yake yi, budurwa wata 18. Amma wa ke biya musu haya? Wa ke sabunta musu takardar izinin zama, ya sa musu kuɗin abinci duk wata, ya nemi makanike idan mota ta lalace? Ofis ne, kuma sau da yawa tsofaffi ke riƙe da shi. Ma'auratan da suka yi ritaya ne ke miƙa kansu na wata 6, 12, 18 ko 23. Ba albashi, daga aljihunsu suke ci suke sha.

Mijin, da ake kira Elda, laƙabin da cocin ke ba maza 'yan mishan, shi ke kula da gidaje da kuɗi. Ranar da na kai shi duba wani gida a unguwar Madina ta nan Accra, sai da ya buɗe kowane famfo, ya shafa ragar kowace taga yana neman inda sauro zai shiga, ya durƙusa da ƙyar ya leƙa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ya ɗauki hoton lambar mita. Mai gida ya ce kuɗin shekara biyu yake so a dunƙule, kamar yadda aka saba a nan, alhali dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da na wata shida. Tsohon bai ɗaga murya ba. Ya zauna muka yi ciniki har rana ta karkata.

Wata rana na gyara musu kwaɗon ƙofa a kan sidi 40, na manta ban kai rasit ba. Sau biyu ya kira ni. Raina ya ɓaci, na ɗauka zargina yake yi. Da na kai masa, sai ya ce kuɗin ba nasa ba ne, mutane ne suka cire kashi ɗaya cikin goma na guminsu suka bayar, ciki har da masu sayar da ruwa a bakin titi. Ya manna takardar a fayil, ya rubuta kwanan wata. Wallahi kunya ta kama ni.

Matar, Sista, teburinta na bakin ƙofa. Tana da jadawali a kwamfuta na ranar da fasfo da izinin zaman kowane yaro zai ƙare, kuma yaran sun haura ɗari. Duk bayan mako shida ake sauya wa wasunsu wurin aiki, sababbi su iso, waɗanda suka gama su kama hanyar filin jirgi. A makon nan ofis kamar tasha yake: akwatuna, katifu, gidan sauro, matatar ruwa. Ita ce ke aika wa iyaye hoton ɗansu da saƙon cewa ya sauka lafiya. Ta ce mini ba ta barin wannan saƙo ya kwana, don ta san akwai uwar da ba za ta runtsa ba. Ita kanta an haifa mata jika tana nan, a waya kawai ta gan shi. Da addu'a suke buɗe ofis da safe, da yamma su rufe su tafi tare, yana riƙe mata hannu idan za su tsallaka kwata.

Wannan tsari ba sabo ba ne a yankinmu. Cocin ya daɗe yana hana baƙar fata muƙamin firist, wato limancin coci, abin da ba zan taɓa yi wa uzuri ba, sai a Yunin 1978 aka ɗage. A Nuwamban shekarar, waɗanda aka fara turowa Najeriya da Ghana ma'aurata ne dattawa: Rendell da Rachel Mabey, da Edwin da Janath Cannon.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne namu. A zangonmu akwai akantoci, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suka yi ritaya da lafiyarsu, suna zaune a benci daga azahar zuwa la'asar, alhali kuɗin ginin masallaci na cikin leda a ƙarƙashin gadon wani, makarantar Islamiyya ba ta da rajistar ɗalibai. Mun ɗauka hidimar addini sai wa'azi da limanci. Na sani, waɗancan suna da fansho mai kauri, namu da yawa sai sun sha wuya kafin su ga nasu. Amma babu wanda ya ce su ƙetare teku, masallacin na bayan gidansu. Mata kuwa ko tunawa da su ba a yi. Hajiyar da ta shekara talatin tana shugabantar makaranta, ba mai tambayarta komai sai girkin walima.

Jiya bayan magariba na samu ƙanen mahaifiyata, wanda ya yi aikin banki har ya yi ritaya. Na ce, "Kawu, kwamitin masallaci na neman mai riƙe lissafi." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Yaro, shekara shida ina gida, ba wanda ya taɓa tambayata." Ya ce in sayo masa babban littafi mai layi da biro ja, ranar Juma'a zai zo, kuma da matarsa Inna zai zo, don ta fi shi kyawun rubutu.